Yini ɗaya a duwatsun Bali da motar shata, ga Hajiya mai ciwon gwiwa: ya za a tsara?

"Salam Malam, dan Allah ina neman shawara. Ni ɗan Bauchi ne, ina zuwa Jakarta ta ƙasar Indonesiya saro kaya, to wannan karon cikin watan Yuli insha Allah zan tafi da Hajiyarmu da maiɗakina, takardu duk sun fito, mun yi niyyar mu leƙa tsibirin Bali kwana uku. Na ga ana ɗaukar mota da direba yini guda, kai ne kake zaɓan inda za a kai ka a can saman duwatsu. Na rubuta wuri takwas: Ulun Danu, Jatiluwih, Kintamani, Tegallalang, Tirta Empul, ruwan Gitgit, gonar kofi, sai mu rufe da faɗuwar rana a Tanah Lot. Hajiya tana fama da gwiwa. Zai yiwu a yini ɗaya? Kuma ya maganar abinci da sallah tunda na ji ance yawancinsu ba Musulmi ba ne?"

Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya saka da alheri da ka tuna da Hajiya a wannan tafiya, Allah ya ƙara mata lafiya. In na fahimce ka, tambayarka uku ce a dunƙule: wurare takwas ɗin nan za su shiga yini ɗaya ko ba za su shiga ba, ya za ka yi da direban shata yadda tsarin zai zama naka da gaske, sannan ina za ku ci ina za ku yi sallah. Ni ɗan Gombe ne, na zauna a Indonesiya lokacin karatu, kuma tun da na dawo nake shirya wa mutanenmu irin wannan tafiyar, wasu na raka su da kaina wasu na haɗa su da direba ta waya, to abin da zan faɗa maka daga nan yake fitowa.

Amsar farko a taƙaice: ba zai yiwu ba. Ko da ya yiwu ma, ba yawo kuka yi ba, zaman mota kuka yi. Wuri uku za ka zaɓa, in an matsa huɗu, kuma duk su kasance a ɓangare ɗaya na dutsen. Bari in faɗa maka dalili don kada ka ga kaman ina rage maka jin daɗi ne.

Taswira tana yaudarar ɗan Bauchi

Mu nan mun saba lissafin tafiya da kilomita. Bauchi zuwa Gombe wajen kilomita 150 ne, in hanya ta yi kyau awa biyu da ɗan wani abu ka isa, to da ka buɗe taswirar Bali a waya ka ga daga Denpasar, babban birnin Bali, zuwa Bedugul da ke saman dutse kilomita 50 ne kacal sai ranka ya ce maka ai minti arba'in ne. Wallahi ba haka ba ne. Wannan kilomita 50 ɗin zai iya cin awa biyu, don hanyar siririya ce, hannu ɗaya tafiya hannu ɗaya dawowa, babura kaman ƙudan zuma, ga manyan motocin kayan lambu suna hawa da ƙyar kuma ba wajen da za ka wuce su, ga kwana-kwana. In ka taɓa hawa Tula ta Kaltungo ka san yanda mota ke nishi tana juyawa dama da hagu, to ka ɗauka irin wannan ne amma na tsawon lokaci kuma cikin cunkoso. Sannan mutanen wurin masu yawan bukukuwan addini ne, sai kuna cikin tafiya a tare hanya don jerin gwano zai wuce, mata ɗauke da 'ya'yan itace a ka, ba mai yin hon ba mai faɗa, kowa jira yake. Kuma kai ka ce Yuli, wato lokacin da baƙi suka fi cika tsibirin.

Abu na biyu, duwatsun nan ba wuri ɗaya ba ne. Jerinka ya haɗa ɓangare biyu da suke nesa da juna. Akwai ɓangaren Bedugul a tsakiya zuwa arewa, nan ne tafkin Beratan da wurin bautar Ulun Danu suke, da tagwayen tafkuna Buyan da Tamblingan, da ƙauyen Munduk, Gitgit, inda ruwa ke zubowa daga saman dutse, na can gaba in ka fara gangarawa wajen Singaraja, Jatiluwih kuma yana kudu maso yamma da Bedugul a gindin dutsen Batukaru. Sai ɓangaren Kintamani a arewa maso gabas, inda dutsen Batur mai aman wuta yake da tafkinsa, Tegallalang da Tirta Empul kuma suna kan hanyar zuwa can daga garin Ubud. Manyan hanyoyin Bali daga kudu suke hawa arewa, don koguna sun tsaga ƙasar sun yi kwazazzabai masu zurfi daga dutse zuwa teku, shi ya sa ketarawa daga wannan ɓangare zuwa wancan ke cin lokaci fiye da yanda ido ke gani. Tanah Lot kuwa ba dutse ba ne ma, bakin teku ne.

Abu na uku shi ne wanda mutane ba sa sa shi a lissafi, hazo. Saman nan da safe garau yake, amma da rana ta ɗaga iska mai ɗumi daga teku ta hau dutse ta yi sanyi sai ta koma gajimare, yawanci daga azahar zuwa sama sai wurin ya fara rufewa. Ni wannan da jikina na koye shi. Farkon iyalin da na raka, wani bawan Allah ne daga Gombe da matarsa da yara biyu, mun rubuta wuri bakwai, ba mu bar otal ba sai ƙarfe tara, direban da muka samu ya ce bari mu ɗan tsaya gonar kofi minti goma, muka yi awa ɗaya da rabi ana ta jera mana ƙananan kofuna ana kai mu shago. Muka isa Penelokan, inda ake tsayawa a kalli dutsen Batur, wajen biyu da rabi. Fari fat. Ƙarfen da aka kange bakin ramin da shi kawai muke gani da hannayenmu a kai, ƙaramar yarinyar tana ta tambayar babanta ina dutsen yake, shi kuma ya yi shiru yana kallon hazo. Har yau in na tuna fuskarsa ba na jin daɗi, don mutum ya taso tun daga Gombe saboda wannan kallon.

Wanne ɓangare za ka ɗauka

Kintamani yana da abinsa. Batur tsayinsa mita 1,717, yana zaune ne a cikin wani ƙaton rami da tsohon aman wuta ya bari, kana hango baƙin dutsen da ya narke ya daskare a gindinsa, tafki a gefe, in gari ya yi haske har Agung za ka hango, wanda ya haura mita 3,000, shi ne ya yi mummunan aman nan na 1963 ya sake tashi a 2017. Kuma kallon ba ya buƙatar tafiyar ƙasa, daga mota sai kujera. Amma sauran abin da ke kan wannan hanyar ba su dace da ku ba. Tegallalang gonakin shinkafa ne a kan gangara mai matakala da yawa, Hajiya ba za ta sauka ba, daga bakin titi kawai za ta leƙa cikin turmutsutsu. Tirta Empul kuma wankan da kake gani a hoto mutane sun yi layi a ƙarƙashin bututun ruwa, wankan ibada ne na addinin Hindu, ba wankan shaƙatawa irin na Wikki a Yankari ba. Ni ina cire shi daga jerin mutanenmu, kuma ina faɗa musu dalili.

Da ni ne kai, Bedugul zan ɗauka, kuma babban dalilina shi ne tambayarka ta uku. Ƙauyen Candikuning da ke bakin tafkin Beratan akwai Musulmi da yawa da suka daɗe a wurin, akwai babban masallaci, Al Hidayah, a kan tudu yana kallon tafkin, kuma gidajen abinci na halal a jere suke a bakin hanya. Wato a wuri ɗaya kun samu kallo, kun samu abinci, kun samu sallah, ba sai an yi ta zagaye ana nema ba.

Ga yanda nake tsara wa mutane. Ku bar otal ƙarfe shida na safe, kar ya wuce shida da rabi, karin kumallo ku ce a ƙunsa muku tun dare. Kai tsaye sai Ulun Danu Beratan, ku isa wajen takwas kafin manyan bas-bas su fara sauke mutane. Wurin bautar an gina shi tun 1633, shi ne hoton da ke jikin tsohuwar takardar kuɗinsu ta rupiya 50,000, kuma abin da ake zuwa kallo shi ne ginin nan mai rufi hawa-hawa da yake kaman yana yawo a kan ruwa. Daga lambu ake kallonsa, can ciki inda suke ibada dama ba a barin baƙi su shiga, to ku lambu da bakin tafki ne naku. Filin a shimfiɗe yake, akwai wajen zama, Hajiya za ta taka a hankali ta huta. Abu ɗaya, za ku riƙa ganin 'yan ƙananan faifai na ganye da furanni a ƙasa, a bakin ƙofa, a bakin shago, ko'ina, nasu ne na addini, ku kula kar a taka, mutunci ne kawai.

Daga nan ku hau sama wajen Wanagiri, bai fi rabin awa ba, nan ne hanya ke bi ta kan tudu kana hango Buyan da Tamblingan a ƙasa, daji ya kewaye su. Wannan tsayawar ta minti talatin ce, a sha shayi mai zafi a bakin hanya a yi hoto. Akwai birai a kan hanyar hawan, kar a fito da leda ko abinci a hannu, Hajiya ta riƙe tabarau ɗinta da kyau. Ruwan Gitgit da sauran irinsa na wajen Munduk ka haƙura da su, kusan duka sai an yi tafiyar ƙasa da matakala kafin a isa, ga santsi, saukar ma ta fi hawan cin gwiwa.

Sai ku dawo Candikuning wajen sha ɗaya da rabi. Kasuwar garin ƙarama ce, akwai sitiroberi irin wanda ake kawowa daga Jos, da kanumfari da kirfa da sauran kayan ƙamshi, na san uwargida za ta so wannan, kuma ciniki ake yi, kai ɗan kasuwa ne ba sai na koya maka ba. Ku ci abinci, azahar tana shiga wajen sha biyu da ɗan wani abu. Masallacin sai an hau matakala, to ka sa direba ya kai ku iya inda mota za ta iya kaiwa, in kuma ya yi wa Hajiya yawa gidajen abincin Musulmi galibi suna da ɗan ɗakin sallah, su suna ce masa mushola. Ni dai ba na manta ranar da na fara alwala a masallacin nan, ruwan kaman na randa a tsakiyar hunturu har yatsu suna ƙagewa, na idar na fito baranda, ga tafkin shimfiɗe a ƙasa, ƙananan jiragen ruwa suna ta kai da kawo, wani dattijo da hular nan tasu baƙa ya miƙo mun hannu yana tambayar daga ina, da na ce Najeriya sai ya riƙe hannun da hannu biyu ya daɗe bai saki ba. Tunda matafiya ne ku, mutanen da nake rakawa da yawa a nan suke haɗa azahar da la'asar su yi ƙasaru, amma wannan ka tambayi malaminka tun kana gida don ka tafi da natsuwa. Ka tuna kuma alƙibla a can yamma take, ta ɗan karkata arewa, ba gabas irin namu ba.

Na ƙarshe Jatiluwih, wajen awa ɗaya daga Bedugul kuma dama hanyar komawa ce. Na bar shi a ƙarshe ne don ya fi Bedugul ƙasa, wajen mita 700 ne, shi kuwa tafkin yana wajen mita 1,200 kusan daidai da Jos, to hazon rana bai cika rufe shi da wuri kaman can sama ba, musamman a Yuli da ba damina ba. Gonakin shinkafa ne da aka sassaƙa a jikin tudu hawa-hawa, sama da hekta 600, iya ganinka. Kai da ka san noman rani na Dadin Kowa za ka fi kowa gane abin da ke wurin, don abin mamakin ba kyan ba ne kawai, rabon ruwan ne. Suna da tsari da suke kira subak, manoman da suke shan ruwa daga tushe ɗaya ƙungiya ɗaya ne, su suke zama su yanke ranar shuka da yanda ruwa zai bi daga gonar sama ya zubo ta ƙasa, ba injin ban ruwa ba fetur, gangara ce kawai da yarjejeniya, ɗaruruwan shekaru a haka. A 2012 UNESCO ta sa tsarin cikin kayan tarihin duniya. Akwai gidajen shan shayi a bakin titi da suke kallon gonakin gaba ɗaya, Hajiya ta zauna a nan, kai da uwargida ku sauka ku ɗan taka. Kafin ranar ka ce direba ya samo maka hoton yanda gonakin suke a satin, don in an yi girbi kara da taɓo za ku tarar, in haka ne sai ku musanya shi da lambun Kebun Raya da ke nan Candikuning, wanda aka buɗe a 1959, ana iya zagaya shi ba tare da doguwar tafiyar ƙasa ba. Ku bar Jatiluwih kafin huɗu, magariba tana yi shida da 'yan mintuna, ku yi ta a otal. Tanah Lot ka ba shi wata yammar daban cikin kwana ukun.

Maganar direba

Nan ne duk abin yake. Kalmar "kai ke zaɓa" da ka gani a talla gaskiya ce, amma sai in ka zaɓa tun kafin ka shiga mota. In ka shiga ka ce mu je ka nuna mana wurare masu kyau, to shi ya zaɓa, kuma zai zaɓi inda ake ba shi la'ada, gonar kofi, shagon azurfa, gidan abinci mai tsada. Ban ce mugaye ba ne, yawancinsu mutanen kirki ne masu haƙuri, neman abincinsu suke kaman yanda ɗan kamasho yake a tasha. Amma lokacinka ne ke tafiya.

To ka rubuta masa komai a WhatsApp kwana biyu kafin ranar, ya amsa a rubuce. Wuraren da jerinsu, lokacin tashi, awa nawa shatar take, galibi awa goma ne, nawa ne in an zarce, kuɗin ya haɗa da mai da kuɗin fakin ko bai haɗa ba. Kuɗin shiga wurare kusan kullum daban yake kuma kowane kai ake biya, baƙo kuma ya fi ɗan ƙasa biya, ka riƙe tsabar rupiya ƙanana don ba ko'ina ake karɓar kati ba. Akwai kuma harajin baƙi na rupiya 150,000 kowane mutum da gwamnatin Bali ta fara karɓa a Fabrairun 2024, shi ba ruwansa da direba, ta intanet ake biya. Ka faɗa masa ƙarara ba tsayawa shago sai in kai ka ce, abinci halal kawai, kuma akwai tsayawar sallah. Ka nemi mota ƙirar Innova maimakon Avanza in da hali, ta fi faɗi ta fi laushi, Hajiya ta zauna gaba ta miƙe ƙafa, gaban ma ya fi sauƙin jiri. Tuƙinsu ta hagu ne, sitiyari a dama, kar ta firgita in ta ga an buɗe mata ƙofar da a gida ta direba ce. Kar ka dogara da cewa za ka kira motar haya ta manhajar waya, Grab ko Gojek, daga can sama in wani abu ya faru, samunsu a ƙauyukan dutse ba tabbas, shi ya sa shatar yini ta fi. Kuɗin kuma ni ba na biya duka sai an dawo.

Ka riƙa kiransa Pak, wato kaman ka ce Malam ko Baba, yana jin daɗi. In yana gudu a kwana ka ce pelan-pelan, a hankali kenan. Babi shi ne alade, ka riƙe wannan kalmar, don babi guling gasasshen alade ne kuma shi ne abincin da Bali ta yi suna da shi, za ka gan shi a allo ko'ina. Inda ka ga an rubuta Warung Muslim ko Masakan Padang ka shiga da kwanciyar hankali, shinkafa ce da nama da kaji da yaji, akwai tsiren akuya da suke ce wa sate kambing, bakin ɗan Bauchi ba zai sha wahala ba.

Gonar kofi da ka sa a jerinka, abin da suke tallatawa shi ne kopi luwak, 'ya'yan kofi da wata dabba mai kama da tunkun juda take haɗiyewa ta kasayar a tsince a wanke. Majalisar malaman Indonesiya ta ba da fatawa a 2010 cewa ya halatta in an wanke shi, amma ni ba don wannan nake cire shi ba, lokacin da yake ci ne, da kuma yanda ake kulle dabbobin a ƙaramin keji don baƙi su yi hoto, abin ba ya mun daɗi. In kofi kake so ka saya a kasuwar Candikuning.

Kayan da za ku ɗauka ba yawa. Rigar sanyi kowa da tasa, Hajiya har da safa da mayafi mai kauri, don mutum yana baro zafin bakin teku sai ya ɗauka haka ko'ina yake, alhali safiyar Bedugul a Yuli safiyar Jos ce. Lema ɗaya, takalmi mara santsi, maganin gwiwarta, da citta ko alewa mai yaji saboda tashin zuciya a kwana-kwana, kuma kar a cika ciki kafin a fara hawa.

Wannan tsarin na mai iyali ne da dattijuwa, irin mutanen da na saba rakawa kenan. Matasa masu son hawa Batur da tsakar dare don su ga fitowar rana daga ƙololuwa, tasu tafiyar daban ce da jagoranta daban. Kuma duk tsarin nan rage haɗarin hazo yake yi, ba ya hana shi, an sha tashi da asuba a tarar da tafkin a rufe, in haka ta faru ku zauna ku sha shayi ku ba shi minti arba'in, sau da yawa yana yayewa. Lokutan da na ba ka kuma na wanda ya kwana Ubud ne ko wajen Seminyak, in otal ɗinku yana can Nusa Dua ne ka ƙara kusan awa ɗaya a tafiya da dawowa, ku tashi biyar da rabi. Ka turo mun unguwar da kuka kama otal in gyara maka lokutan daidai, kuma a gaida Hajiya da kyau.